Babu buhun kuɗin da ake miƙa wa zakaran Wembley

Duk ƙarshen kaka, a gidan kallo sai ka ji ana rantsuwa cewa ƙungiyar da ta ci wasan ƙarshe na neman gurbin gasar Firimiya ta Ingila a filin Wembley da ke Landan, a ranar ake danƙa mata fam miliyan ɗari da wani abu. Ba haka abin yake ba. Kofi take ɗagawa kawai. Adadin nan lissafi ne na abin da za ta samu nan gaba, galibi daga kuɗin haska wasannin Firimiya a talabijin, wanda ko ta ƙarshe a teburi takan kwashi sama da fam miliyan 100 a kaka guda. A ciki har da tallafin da ake ba wadda ta faɗo: shekara uku, ko biyu idan kaka ɗaya ta yi a sama, kamar Luton Town da ta doke Coventry a bugun fenareti a wasan ƙarshen 2023 ta hau, ta kuma faɗo a 2024.

Kuɗin tikitin ranar kuwa, sau da yawa ƙungiyoyin biyu kan shirya tun kafin wasa cewa wadda ta ci za ta bar wa wadda ta sha kashi kasonta, na share hawaye.