Ma'anar "simuleshan": ba bidiyon jirgi ba ne

Kwanan nan da wuya a yi zancen sabon layin dogo a talabijin ba tare da wani jami'i ya ce "ai mun riga mun yi simuleshan" ba. Sai a nuno bidiyon zane: jirgi mai ƙyalli yana sulalawa, tasha fes, fasinjoji ƙalilan suna takawa cikin natsuwa. Wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da aka nuna hoton talla ne, ba ya amsa ko tambaya ɗaya.

Tushen kalmar Latin ne, simulare, wato kamanta wani abu. Mu kuma muna cewa kwaikwayo, a nan ruɗanin ya ƙaru, domin da kunnen Bahaushe ya ji kwaikwayo sai ya tafi ga wasa, abin kallo. Alhali kwaikwayon da injiniyoyin jirgin ƙasa ke nufi lissafi ne zalla. Ana ɗura wa kwamfuta tsawon dogo, hawansa da gangarensa, inda kowace sigina take, nauyin jirgi, ƙarfin birkinsa da jadawalin tashi. Manhaja irin su OpenTrack, wadda ta samo asali a jami'ar ETH ta Zurich, ko RailSys ta Jamus, sai ta tuƙa jiragen daƙiƙa bayan daƙiƙa. Galibi abin da ke fitowa lambobi ne da layuka masu gitta juna, babu abin burge ido.

Dubi layin Victoria na jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan, inda tun 2017 jirage 36 ke wucewa a awa guda lokacin cunkoso, wato jirgi ɗaya duk daƙiƙa 100. A ce jakar wani ta tokare ƙofa, jirgin ya ƙara daƙiƙa 20 a tasha. Ƙaramin abu ko? To kafin ya isa tasha ta gaba mutane sun fi taruwa, shigarsu ta fi daɗewa, sai ya ƙara makara. Na bayansa kuwa ya tarar da jar sigina, ya taka birki, kuma jirgin da ya tsaya cik ba nan take yake komawa gudunsa ba. Na uku ma haka. Jaka ɗaya ta taɓa dubban mutanen da ba su ko gan ta ba. A ganina duk darajar wannan fanni tana cikin iya bin sawun irin waɗannan daƙiƙoƙi, abin da kan mutum ba zai iya riƙewa ba.

Shi ya sa masu aikin da gangan suke watsa jinkiri barkatai cikin lissafin, su maimaita ranar aiki ɗaya sau ɗaruruwa, su ga ko jadawalin zai farfaɗo ko zai wargaje. Dabarar ana kiranta Monte Carlo, sunan wani gidan caca da ke ƙasar Monako, kuma tun shekarun 1940 take.

Ba na cewa kwamfuta ba ta kuskure. In aka gaya mata mutane na gama shiga cikin daƙiƙa 20 alhali 40 suke ɗauka, kyakkyawan sakamako za ta bayar, na ƙarya. Don haka nake so ɗan jarida, in an sake furta masa kalmar nan, ya tambaya: daƙiƙa nawa kuka ba jirgi a tasha, wane jinkiri kuka jefa, kuma minti nawa layin ya ɗauka kafin ya dawo daidai?