'Ya'yan fasto

'Ya'yan fasto su ne yaran da suka taso a gidan mai kiwon ikilisiya, inda jama'a ke auna aikin uban da halin 'ya'yansa. An fi ganin lamarin a ɗarikun Furotesta da na Otodoks, domin limaman Katolika na Roma ba sa aure. Gidan fasto irin na yau ya samo asali ne tun 1525, lokacin da Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, ya auri Katharina von Bora.

Tushen matsin da yaran ke sha yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A 1 Timoti 3:4-5 an shar'anta cewa mai kula da ikilisiya ya iya riƙe gidansa, 'ya'yansa kuma su kasance masu biyayya. Titus 1:6 ma haka. Masu wa'azi kan kafa hujja da firist Eli, wanda 'ya'yansa Hofni da Finehas suka lalace har hukunci ya faɗa wa gidan. Sharaɗin dai a kan uba yake, amma a aikace yaron ne ke ɗaukar kayan, alhali ba shi aka naɗa ba.

Sau da yawa gidan fasto yana cikin harabar majami'a, ƙofarsa ba ta rufuwa. Mai neman addu'a zai buga da tsakar dare, baƙo zai sauka, a tashi yara daga ɗakinsu. A ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, irin su ECWA da COCIN da EYN, ana sa ran ɗan fasto ya riga kowa zuwa makarantar Lahadi, ya haddace aya, ya shiga mawaƙa. Wani yaron zai yi surutu a bencin baya ba mai kulawa, shi kuwa kafin a tashi maganar ta kai kunnen dattawa: «Kai da kake ɗan fasto!» 'Ya mace ta fi shan sa ido, daga ɗaurin ɗankwali har saurayin da ya raka ta. Ga ƙarancin albashi, ga canjin wurin aiki da ke raba yaro da makaranta da abokai.

Ana yawan cewa 'ya'yan fasto sun fi kowa kangarewa, a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wannan zance akwai zuzutawa a ciki. A binciken da cibiyar Barna ta fitar a Amurka a 2013, kashi 40 cikin 100 na fastocin da aka tambaya sun ce ɗansu ya taɓa shiga shakka mai tsanani game da bangaskiyarsa, amma kashi 7 ne kawai suka ce ya bar Kiristanci.

Cikin sanannun 'ya'yan fasto akwai Martin Luther King Jr., jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, wanda ya yi aiki tare da mahaifinsa a majami'ar Ebenezer ta Atlanta, da Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus daga 2005 zuwa 2021, da masanin falsafa Friedrich Nietzsche, wanda ya zama babban mai sukar Kiristanci. Janar Yakubu Gowon, shugaban Najeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ta Zariya ya girma, inda mahaifinsa ke aikin bishara.