Waiwaye: hadarin da ke zo mana daga gabas, da lissafin da ke bayansa

Tun ambaliyar 2022 da ta 2024 da suka cinye unguwanni a Njamena da Kusuri da Yagwa, muhawara kan hasashen yanayi ta ƙi mutuwa a gurup-gurup ɗin WhatsApp. Wasu na cewa 'yan meteyo, wato masu hasashen yanayi, duba kawai suke, in ta faɗa daidai su ɗaga kafaɗa in ta kuskure su yi gum, wasu kuma na cewa ai yanzu kwamfuta ta san komai, sakaci ne kawai ya sa ba a faɗa mana da wuri ba. Ni dai duka biyun ban gamsu ba.

Lissafin da ke bayan hasashen yanayi ba na yau ba ne. Tun wajen 1775 Bafaranshen nan Laplace ya rubuta yadda ruwan teku ke cika yana janyewa a kan duniyar da ke juyawa. A 1835 Coriolis ya fayyace ƙarfin da daga baya aka gane shi ke karkatar da iska zuwa dama a arewacin duniya, hagu a kudanci. Kelvin a 1879 ya gano igiyar ruwan da ke tafiya tana jingine da gaɓar teku. Sai Rossby a 1939 ya nuna cewa tunda wannan karkatarwa babu ita a tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, kuma ƙaruwa take in ana yin arewa, dole a samu manyan igiyoyin iska masu janyewa yamma. A 1950 aka ɗora irin wannan lissafi a kwamfutar ENIAC a Amurka aka yi hasashen yanayi na farko da inji, a 1966 kuma Matsuno na Japan ya warware igiyoyin da ke maƙale a tsakiyar duniya, waɗanda da su ake bayanin El Nino, ɗumamar tekun Pasifik da kan hargitsa yanayi.

Wanda ba a cika ambata ba, kuma shi ya fi shafarmu, aikin Robert Burpee ne na 1972, daidai lokacin da fari ke ƙona Sahel. Abin da ya ja hankalin Amurkawa ba gero da dawarmu ba ne fa, guguwar teku ce, don sun lura da yawa daga cikin masu rusa musu gidaje daga gaɓar Afirka suke fitowa. To ina mafarinsu? Burpee ya tattara awon iskar sama na shekaru, wanda ake samu ta sakin balan-balan ɗauke da na'ura, ya bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya. A Dakar ya ga iska a tsayin wajen kilomita 3 tana kaɗawa arewa ta dawo kudu duk kwana 3 zuwa 5. A Yamai haka. A Fort-Lamy, wato Njamenar nan tamu kafin a canza suna a 1973, alamar na nan. Amma a Khartum babu. Kenan tsakanin Khartum da Njamena ake haifar abin, a kanmu.

Bai tsaya nan ba, ya kawo dalili. Da damina Sahara na tafasa a arewa, kudu wajen tekun Gini kuma da sanyi da laima, wannan bambancin zafi haɗe da juyawar duniya shi ke haifar da wata doguwar iska mai ƙarfi daga gabas zuwa yamma can sama. Burpee ya gwada ta da ƙa'idar da Charney da Stern suka fitar a 1962, ya ga iskar ta cika sharaɗin da ba za ta iya tafiya miƙe ba, sai ta riƙa lanƙwasa kamar yadda Logone ke yi a fadamar Yagwa, kuma kowace lanƙwasa faɗinta ya kai kilomita 2,000 zuwa 4,000. A gaban lanƙwasar nan manyan hadura suka fi samun damar haɗuwa. Manomi ya daɗe da sanin hadarin gabas ne mai ruwa, ya kuma san ana yin ruwa a ɗan ɗauke kwanaki kafin wani ya zo, Burpee lambobin abin ya kawo.

Bayan shekara biyu, 1974, aka yi gagarumin gwajin GATE, jiragen ruwa wajen 40 da jiragen sama, aka auna igiyoyin nan ciki da bai. Amma a Dakar aka kafa sansani, a kan teku aka yi awon, wato inda igiyar ke fita daga Afirka, mahaifarta kuwa aka bar ta da 'yan tashoshi jefi-jefi. Shirin AMMA na 2006 ya farfaɗo da sakin balan-balan a Afirka ta Yamma, kuma a 2008 Thorncroft da abokan aikinsa suka nuna cewa hadarin da ke tasowa kusa da duwatsun Darfur kan iya zama abin da ke tunzura iskar ta fara lanƙwasa. Maƙwabtan Abeche kenan.

(Kar a haɗa da cikar kogi, wannan daban ne: ruwan Logone daga tsaunukan Adamawa yake gangarowa, na Shari daga Afirka ta Tsakiya, shi ya sa Kusuri kan nutse a Oktoba ko Nuwamba bayan sama ta riga ta ɗauke.)

Don haka in hasashe ya kuskure a Marwa ko Mongo, ni ba lissafin nake tuhuma ba. Kwamfuta ko ta Turai ce sai an fara gaya mata yadda iska take yau kafin ta faɗi ta jibi, tauraron ɗan adam kuwa kan gajimare ya fi gani, iskar da ke kilomita 3 balan-balan ya fi auna ta daidai, kuma daga Njamena ka yi gabas har Darfur wuraren da ake sakinsa kullum ba su taka kara sun karya ba.