Me ake nufi da "kitsen jini"?

Kwanan nan duk inda ka juya sai ka ji "kitsen jini". A rediyo ana faɗa, ranar Juma'a kuma masu lasifika a kasuwar Wudil suna ta tallan jiƙon da wai ke narkar da shi cikin kwana uku. Sunan ne ke ɓatar da mutane, kuma abin yana ci mini rai.

Likitoci suna kiransa tirigilisaraid, kuma ba shi ne kolestarol ba, ko da yake a takarda ɗaya ake rubuto sakamakonsu. Maiƙo ne da jiki ke tarawa don ranar buƙata, kamar hatsi a rumbu. In gwaji ya nuna ƙasa da 150 a ma'aunin mg/dL, lafiya lau. Daga 200 ya hau. Ya kai 500 kuwa, yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini.

Kawuna da aka auna nasa ya haura 300, ya dawo gida ya yi rantsuwa. Ko mai tsire ya daina yi wa sallama, man shanu ya bar tuwonsa. Amma kullum da asuba yana teburin mai shayi: suga cokali huɗu, madarar gwangwani, rabin burodi. Da rana fura da suga, da la'asar lemon kwalba mai sanyi.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Kai yaro, ina kitse a shayi?"

To a nan gizo ke saƙar. Hanta ce ke karɓar rarar suga da ta burodi da farar shinkafa ta mayar da su maiƙo, ta zuba a jini. Iyayenmu da ke haɗa zaƙi da maiƙo a baki ɗaya sun fi mai lasifikar nan kusa da gaskiya.

Ba cewa na yi a koma wa kitse ba. Amma a fara da rage suga da lemon kwalba, a riƙe tuwon dawa da wake da zogale da kifi, a rage tumbi. Wanda babur ya raba da tafiyar ƙafa ya nemi minti 30 kullum. A kuma duba ciwon suga, don sau da yawa tare suke tafiya. In likita ya rubuta ƙwaya, a sha.

Kawu ya dawo cokali ɗaya. Watan gobe zai koma gwaji da sassafe, bai karya ba, kamar yadda aka umarce shi.