A garin Stonington, kamun lobsta ba na duk wanda ya ga dama ba ne

An daɗe ana ɗaukar cewa a ƙananan garuruwan gaɓar tekun Amurka, duk mai kwalekwale sai ya shiga ruwa ya kwaso abin da ya samu. A Stonington, garin masunta mai mutane kimanin dubu ɗaya a jihar Maine, abin ba haka yake ba.

Kafin a ba baƙon sana'a lasisin kamun lobsta, wato babban jatan landen nan mai almakashi, sai ya yi koyo na awa 1,000 a hannun mai lasisi, sannan ya jira layi, wani lokacin shekaru. A yawancin yankuna tarkon mutum ɗaya ba ya wuce 800, kuma kowa da launin alamar tarkonsa da ke yawo saman ruwa.

Kowace lobsta sai an auna ɓawon bayanta da ɗan ƙarfen awo. In bai kai inci 3¼ ba, ko ya haura inci 5, ruwa za ta koma. Mace mai ƙwai kuwa, ana yi mata ɗan tsaga a jela a sake ta, ba mai sake taɓa ta.

Wanda ya dasa tarko a wurin wasu, ko da doka ba ta hana ba, washegari yana iya tarar da igiyarsa a yanke.