Ɗaurin gilaikosid

Ɗaurin gilaikosid shi ne ɗaurin sinadarai da ke haɗa ƙwayar sukari da wata ƙwayar har su zama doguwar sarƙa. Da shi ake gina sitaci da seluloz (zaren jikin tsiro) da gilaikojin (sukarin da jiki ke ajiyewa), kamar yadda ɗaurin feftaid ke jera amino asid iri 20 su zama furotin. Duk lokacin da aka ƙulla ɗauri ɗaya, ƙwayar ruwa ɗaya ce ke fita. In za a kwance shi kuma, sai an mayar da ruwan.

Abin mamaki a nan shi ne sitacin da ke cikin ƙwayar gero da seluloz ɗin da ke cikin karansa duk daga gulukos, wani nau'in sukari, aka yi su. Bambancin yana ga fuskar da ɗaurin ya kalla. A sitaci ɗaurin nau'in alfa ne, tsakanin kabon na 1 a jikin ƙwayar gulukos ɗaya da na 4 a jikin ta kusa da ita, sai sarƙar ta nannaɗe, wani lokaci ta yi reshe ta kabon na 6. A seluloz nau'in beta ne, kowace ƙwaya tana kife kusa da 'yar'uwarta, sarƙoƙin su miƙe sambal, su manne da juna su zama zare mai ƙarfi. Audugar da ake kaɗawa kusan zallar seluloz ce. Masanin Faransa Anselme Payen ne ya fara ware seluloz a 1838.

Yawun mutum yana ɗauke da enzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki, mai suna amiles, wanda ke kwance ɗaurin alfa, kuma ana ƙarasa aikin a ƙaramin hanji. Ɗaurin beta kuwa jikinmu ba shi da abin kwance shi, shi ya sa ba a cin kara a ƙoshi. Saniya ma ba da kanta take narkar da ciyawa ba. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke yi mata, ita kuma ta taimaka da tuƙa. Mai dama kunun zaƙi da ke zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi, amiles take sakawa, ya yanyanka sitacin, kunun ya tsinke ya yi zaƙi.

Gulukos ɗin da aka samu daga sitacin, idan ya shiga jini, yana da manyan hanyoyi biyu. Ko dai a sake ɗaure shi ya zama gilaikojin a ajiye a hanta da tsoka, ko a farfasa shi don samun kuzari. Matakin farko na farfasawar yana raba shi gida biyu, a samu ribar ATP 2, wato sinadarin da ƙwayoyin halitta ke kashewa wajen aiki. Idan akwai iskar oksijin, ragowar tana shiga zagayen sauye-sauyen sinadarai da masanin kimiyya Hans Krebs ya bayyana a 1937, daga ƙarshe a tashi da ATP wajen 30 daga ƙwayar gulukos ɗaya, tare da ruwa da iskar kabon da ake fitarwa da numfashi.