Tunda aka sa kwamfuta a asibiti, me ya canza wa likitan iyali?

Ni ma'aikacin ɗakin kati ne a wani babban asibitin ƙaramar hukuma a nan Jigawa, na daɗe ina ɗauko folda ina mayarwa kafin a kawo mana tsarin rubuta bayanan marasa lafiya a kwamfuta. To tun daga lokacin duk inda na zauna, a majalisa ne ko bakin masallaci bayan la'asar ko gidan suna, sai wani ya tare ni da tambaya. Shi ne na ce bari in tattara waɗanda aka fi yi min in amsa su a wuri ɗaya, musamman abin da ya shafi likitocin da ke ganin mu yau da gobe.

Tambaya: Wai shi likitan iyali wane ne? Mu ai duk mai farar riga likita muke ce masa.

Amsa: Likitan iyali shi ne wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙara ƙwarewa a kan duba kowa da kowa, jariri, mai ciki, tsoho mai hawan jini, ba wai ido kaɗai ko ƙashi kaɗai ba. A Najeriya ana samun wannan ƙwarewar ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma, kuma Asibitin Malam Aminu Kano na da sashensu guda. Amma mu a karkara gaskiya wanda ke wannan aikin shi ne likitan da ke zaune a GOPD, wato sashen da ake duba marasa lafiya su koma gida, na babban asibiti, sai kuma in-chajin ƙaramin asibitin ƙauye, wanda yawanci jami'in lafiya ne ba cikakken likita ba, amma shi ya san gidanku, ya san kishiyoyi, ya san wanda ba ya shan magani sai an zaunar da shi. Duk su nake nufi a nan.

Tambaya: Ai dama asibitoci na tura bayanai ta kwamfuta, mene ne sabo?

Amsa: Wancan daban. Wanda aka saba shi ne DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, ƙarshen wata ake haɗa lissafi daga rejista, mutum nawa suka zo da maleriya, mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu, a tura ƙaramar hukuma a shigar. Lissafi ne kawai, babu sunanka a ciki. Shi wannan sabon kuwa foldarka ce da kanta ta koma cikin kwamfuta, abin da ka ce wa likita, awon jininka, sakamakon gwaji, maganin da aka rubuta, har kuɗin da ka biya.

Tambaya: Wani kawuna ya ce min, "Ɗana, yanzu likita ba ya kallona, akwatin nan yake kallo. Wulaƙanci ne ko me?"

Amsa: Kawu wallahi ba wulaƙanci ba ne, aiki ne ya ƙaru masa. Da can layi uku zai ja da biro ya gama, yanzu sai ya cike gurbi bayan gurbi kuma wani gurbin in bai cike ba sistem ba zai bar shi ya wuce ba, ga yawancin likitocinmu ba su taso da buga kwamfuta da sauri ba, ga layi a waje har bakin bishiya. Ba mu kaɗai ba ne ma. A Amurka wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano cewa duk awa ɗaya da likita ya yi gaban mara lafiya, sai ya yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, wani kuma na 2017 da aka yi a kan likitocin iyali zalla ya nuna kusan awa 6 cikin aikin yini mai awa 11 da ɗoriya a kan sistem suke tafiya. Su da ke da wuta da intanet ke nan.

Amma ni abin da ya fi damuna ba lokacin ba ne, harshen ne. Sistem da Turanci aka gina shi, mu kuma da Hausa muke ciwo. Mace ta zo ta ce "sanyi ke damuna", to wane sanyin? na mara ne, na ƙashi ne, ko mura take nufi? Tsoho ya ce basir, yana iya nufin abu huɗu daban-daban. Wata ta ce zuciyarta na tsinkewa, wataƙila jini ne ya yi mata ƙaranci, wataƙila kuma damuwar gida ce ta yi mata yawa ba ta da wanda za ta gaya wa. Duk wannan da ido ake gane shi, yadda ta sunkuyar da kai, yadda ta kalli mijin kafin ta amsa. In idon likita na kan allo yana neman kalmar da ta yi kama a jerin da aka ba shi, to zai zaɓi wadda ta fi kusa ya wuce, kuma abin da ya zaɓa shi ne zai zauna a fayil ɗinta shekara da shekaru. Na ga wani likitanmu da ya samo dabara, sai ya ture kibod gefe ya saurari mutum tukuna har ya gama, sannan ya ce "Baba bari in rubuta abin da ka gaya min", ya juyo da allon yadda za a gani. Tsofaffi sun fi son layinsa.

Tambaya: To in haka ne mene ne amfaninsa? A koma folda mana.

Amsa: A'a, ni da na yi aikin folda ba zan ce a koma ba. Folda tana ɓata, gara tana ci, ruwan damina ya taɓa shigo mana ɗaki ya jiƙa na ƙasa, kuma in an nema ba a gani ba sai a buɗe sabuwa, sai ka tarar mutum ɗaya na da folda uku kowacce da rabin labarinsa. Yanzu mai hawan jini ko ciwon suga in ya zauna, likita na danna lambarsa zai ga awonsa na watannin baya a jere, ya san ko maganin na aiki ko sai an canza. Yaro mai sikila an san sau nawa aka ƙara masa jini. Wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa yi wa illa fatarsa ta saɓule, in an rubuta sau ɗaya gargaɗin zai riƙa fitowa duk wanda ya buɗe fayil ɗin. Sakamakon gwaji na zuwa kai tsaye daga lab, mai famasi ya daina wahalar karanta rubutun likita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga likitan iyali, domin shi aikinsa dama na bibiya ne, ba na gani ɗaya ba.

Tambaya: Wani in-chaji daga ƙauye ya tambaye ni, "Yallaɓai, ni da na turo mara lafiya, zan iya ganin abin da aka yi masa a can?"

Amsa: A nan gizo ke saƙar, kuma saboda wannan tambayar ma na zauna rubutun nan. Amsar ita ce a'a, ba za ka gani ba, sai dai in an haɗa asibitinka da sistem ɗin. Kwamfutar babban asibiti a cikin babban asibiti ta tsaya. Kai kana can da rejistarka da biro, ka rubuta takardar turawa, an kawo mace mai ciki jininta ya hau ƙafa ta kumbura, an kwantar da ita, an yi mata aiki, an sallame ta, bayan kwana biyar sai ga ta a gabanka da jariri, ka ce me aka yi miki, ta ce "an dai yi min aiki an ba ni magani fari da ja". Da can ko ba komai tana dawowa da ɗan kati ko takardar magani da za ka duba ka gane inda aka dosa, yanzu takardar maganin ma ba ta shiga hannunta ba, daga kwamfutar likita ta wuce famasi, abin da ke hannunta lamba ce kawai. To ita wannan matar tana buƙatar a ci gaba da auna jininta bayan haihuwa domin jijjiga na iya zuwa ko bayan an haihu, wa zai gaya maka? Ko tsohon da aka gano ƙodarsa ta fara taɓuwa, ya dawo ƙauye da ciwon gwiwa ka ba shi diclofenac da kyakkyawar niyya, alhali shi ne maganin da ya kamata ya guje wa. Bayanin yana nan a rubuce tsaf, amma bai iso wurin wanda zai ci gaba da kula da shi ba.

Haka abin yake in an tura mutum gaba, daga nan zuwa asibitin Rashid Shekoni a Dutse ko asibitin tarayya na Birnin Kudu ko Kano, in manhajojin ba iri ɗaya ba ne ko ba a haɗa su ba, kowa nasa yake gani. Ingila ma da kuɗinta ta fara wani gagarumin shiri a 2002 na haɗa bayanan asibitocinta wuri guda, a 2011 aka rushe shi bayan ya ci biliyoyin fam. Don haka ni ba na jiran ranar da za a haɗa kowane ƙauye, abin da nake roƙo ƙarami ne, duk wanda za a sallama a buga masa takarda shafi ɗaya, me aka gano, me aka yi, wane magani, me in-chaji zai sa wa ido, yaushe zai dawo. Firinta ɗaya da takarda ne.

Tambaya: In an ɗauke wuta ko netwok ya tafi fa?

Amsa: Sai a koma takarda, ba a korar mara lafiya. Inda aka yi dabara an sa sola da batir, kuma an ajiye uwar kwamfutar a cikin asibitin yadda ko babu intanet ɗakuna za su iya magana da juna. Matsalar ita ce abin da aka rubuta a takarda ranar sai wani ya zauna ya shigar daga baya, in ba a shigar ba fayil ya samu giɓi, kuma likitan da ya buɗe gobe zai ɗauka ba ka zo ba.

Tambaya: Sirrina fa? Yaron maƙwabcinmu a nan yake aiki.

Amsa: Tambaya ce mai kyau domin a gari irin namu kowa ya san kowa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. A ƙa'ida kowane ma'aikaci na da lambar sirrinsa, mai karɓar kuɗi bai kamata ya ga abin da likita ya rubuta ba, kuma sistem na ajiye sunan duk wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe, abin da folda ba ta taɓa yi ba. Inda ake ɓata abin shi ne a ba wa juna lambar sirri saboda sauri, ko likita ya tashi salla ya bar allo a buɗe. In mutane suka fara zargin ana leƙa musu, mai ciwon sanyi ko mai cuta mai karya garkuwar jiki zai daina faɗin gaskiya, ya koma kemis.

Tambaya: Goggona ta ce, "Don me ake ta tambayata shekaru da lambar waya, ni da ban san ranar haihuwata ba?"

Amsa: Goggo saboda kar a haɗa ki da wata ne. Masu suna irin naki da sunan uba irin naki a ƙaramar hukumar nan ba su ƙirguwa, da yawa kuma an sa musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, ga mata uku a gida ɗaya duk lambar maigida suke bayarwa. Shi ya sa muke tambayar unguwa, sunan miji, da katin NIN in akwai, ko katin JICHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta Jigawa, ga masu inshora. Kuma don Allah a daina aron kati. Na san ana yi don a huta kuɗin buɗe sabo, amma in kika zo da lambar ƙanwarki, rukunin jininta da gwajinta da magungunanta likita zai gani ya ɗauka naki ne, abin da aka rubuta miki yau kuma ya zauna a fayil ɗinta. Ki rubuta lambarki a wuri biyu, ɗaya a jaka ɗaya a gida, in an sallame ki kuma ki ce a ba ki takardar da za ki kai wa likitanku na ƙauye, ki tafi masa da kwalayen maganin ma ya gani da idonsa.